JAR FITILAR BATIR: KADA A RUFE MATA IDO

 Zancenmu na wannan fitowa a kan wata 'yar fitila ce ja, wadda ba ta fi ƙwayar gujiya girma ba, tana nan a allon da ke gaban direba, galibi da hoton batir a jikinta. Da yawa daga cikinmu sun raina ta, har akwai masu liƙe ta da takarda don kada ta dame su. To, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, ni kuwa ya tsone mini, shi ya sa na ɗauko zancen.

ABIN DA YA SAME MU A HANYAR KINTAMPO

Shekarun baya, a farkon damina, ni da wana muka haɗa jari muka sayi albasa a Bawku, muka yi shatar wata tsohuwar Bedford mai shan gas za ta kai mana Kumasi. Ni na bi kayan. Muna isa Walewale da la'asar, direba ya sassauta don shiga gari, sai na ga jar fitilar nan tana ƙyaftawa. Na ce masa, "Direba, wannan fa?" Ya ce, "Maigida, kada ka damu, halinta ke nan. Da na taka totur za ta mutu." Ya taka, ta kuwa mutu. A Tamale ya buɗe gaban motar, ya leƙa, ya ce fambel yana nan bai tsinke ba, ya rufe. Magariba ta yi, ya kunna fitilun gaba, jar fitila ta dawo, wannan karo kuma ba ta sake mutuwa ba.

Muka haye gadar Yapei, muka haye ta Buipe, hasken fitilun gaba yana ta raguwa har ya koma kamar na aci-bal-bal. Can cikin dajin da ke tsakanin Buipe da Kintampo direba ya daina ganin hanya, ya gangara gefe ya kashe inji. Da gari ya waye ya murɗa makulli, ko tari motar ba ta yi ba. Mota kuwa da lodi, a wuri mai yashi, ba ta turuwa. Yaron mota ya shiga gari ya zo da wani saurayi mai wayarin, shi kuma ko mita bai riƙo ba, ya ce altaneta ta mutu, sai a sayi sabuwa, ya yanka kuɗin da ba mu da shi. Da dare ruwa ya sauko, tamfol ɗin ga shi duk huji.

Rana ta biyu aka kawo mana wani dattijo, tsohon makanike. Bai kwance kome ba. Ya danna fambel da babban yatsa, fambel ya lotsa kamar igiyar shanya. Ya kama fankar altaneta ya juya, ta juya salin-alin, fambel bai riƙe ta ba. Ya dubi direba ya ce, "Ɗana, ka duba fambel da ido, ai da yatsa ake duba shi." Direba ya ce, "Masta, na ga bai tsinke ba ne." Noti ɗaya ne ya kwance. Dattijo ya ja altaneta baya, ya ɗaure notin, ya ta da motar da batir ɗin aro, jar fitila ta mutu. Aikin bai kai minti 10 ba. Amma albasar da ta sha ruwa ta kwana cikin zafin tamfol ta riga ta fara ruɓa, ribarmu da wani yanki na uwar kuɗi suka tafi a nan.

YADDA WUTAR MOTA TAKE

Kafin mu shiga neman ciwo sai mu san jikin. Batir rumbu ne, ba gona ba. Ba ya noman wuta, ajiya kawai yake yi. Irin batir ɗin da ke cikin motocinmu, na dalma da ruwan asid, wani Bafaranshe ne mai suna Gaston Planté ya ƙago shi a 1859, har yau kuwa asalin aikinsa bai sake ba. Babban aikinsa shi ne juya sitata a ta da inji. Da inji ya tashi, sai aikin ya koma hannun abin da ke noman wutar, shi zai ciyar da fitilu da sauran kaya, ya kuma mayar wa batir abin da aka ɗiba.

Abin nan iri biyu ne. Na dā shi ne dainamo, dogo kamar gora, yana tafe da wani akwati dabam da masu wayarin ke kira katawut. Bedford irin TJ, da aka fara ƙerawa a Ingila a 1958, da dainamo ta fara zuwa mana. Dainamo ba shi da ƙarfi ƙwarai: wanda kamfanin Lucas ya yi mai lamba C40, da ke kan motocin Ingila masu yawa, iyakarsa amfiya 22, in inji na silo kuwa kusan ba ya ba da kome. Na biyu ita ce altaneta, gajeruwa mai faɗi. Kamfanin Chrysler na Amurka ya fara sa ta a motocin jama'a a 1960, bayan haka ta game duniya. Tana ba da wuta ko da inji na silo, galibi kuma abin daidaita cajin, watau ragileta, yana jikinta. Kamfanin Bedford ya daina ƙera manyan motoci a 1986, amma masu sana'a a Magazin ta Suwame da sauran wurare sun ci gaba da raya su. Dukansu biyu fambel ne ke juya su.

ABIN DA FITILAR KE FAƊA

Mutane suna ce mata fitilar batir, amma ba labarin batir take bayarwa ba, labarin caji ne. Ƙwan fitilar yana da ƙafa biyu. Ɗaya tana samun wuta daga batir ta wajen makulli, ɗayar kuma tana tafiya ta wata 'yar siririyar waya zuwa bayan altaneta. Ka ɗauka randa biyu ce aka haɗa da bututu. In ɗaya cike take ɗaya babu kome, ruwa zai gudu cikin bututun. In duka biyu sun cika daidai, ruwa ya tsaya. Sa'ad da ka murɗa makulli inji bai tashi ba, gefen batir cike, gefen altaneta wayam, wuta ta bi ta cikin ƙwan, ya kama. Da inji ya tashi altaneta ta fara aiki, gefe biyu suka yi daidai, ƙwan ya mutu. Saboda haka in ka ga ta kama inji yana aiki, ma'anarta altaneta ta gaza kai wa inda batir yake, motar tana cin rumbu ke nan.

Akwai wani abu kuma da ba kowa ya sani ba. 'Yar wutar nan da ke bi ta cikin ƙwan ita ce ke fara ta da maganaɗisun altaneta. A tsofaffin motoci, in ƙwan ya ƙone, ko wani ya cire shi don ya huta da ganinsa, altaneta tana iya ƙin fara caji, ko kuwa sai an taka totur da ƙarfi tukuna. Don haka fitilar da ba ta kama ba sa'ad da aka murɗa makulli ta fi wadda ta ƙi mutuwa haɗari, domin wannan ko gargaɗi babu.

Ga yadda za a karanta ta. In ta ƙi kamawa da makulli a buɗe inji a kashe, sai a tuhumi ƙwan, ko fis, ko siririyar wayar ta tsinke, ko gawayin cikin altaneta, watau burushi, ya cinye sarai. In tana ƙyaftawa, a tuhumi fambel mai santsi, ko waya mai kwance, ko burushin da ya kusa ƙarewa. In ta kama jawur ta zauna, fambel ya tsinke ko ya saki, ko siririyar wayar ta goge tana taɓa ƙarfe, ko ciwon yana cikin altaneta. In tana ja kaɗan-kaɗan, sai da dare ake gani, galibi ɗaya daga cikin diyod ya ƙone, ko wani mahaɗin waya ya yi tsatsa. In kuwa an zare makulli ba ta mutu ba, a cire kan batir nan take, domin wuta tana komawa baya, kafin safiya batir zai ƙare. Mai dainamo ya sani, in tasa ta ɗan yi ja a silo ta mutu da an taka totur, wannan ba ciwo ba ne, halin dainamo ne. Direbanmu da dainamo ya koyi tuƙi, shi ya sa ya ce halinta ne, ya manta motar da ke hannunsa altaneta gare ta.

A FARA DA MAI ARAHA

Ƙa'idar dattijon nan ita ce a fara da abin da ba ya cin kuɗi.

Na farko fambel. A kashe inji, a danna shi da babban yatsa a tsakiyar wuri mafi tsawo tsakanin fuli biyu. Ya kamata ya lotsa kamar rabin inci, watau wajen milimita 12, kada ya wuce haka da yawa. A dubi gefensa. In yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, ko ya tsattsage, ko ya nutse har ƙasan fuli, ya gama aiki, ɗaurewa ba za ta raya shi ba. Kada kuma a ɗaure shi kamar tsirkiyar baka, domin hakan yana kashe boris na altaneta da na famfon ruwa. Fambel mai santsi yana iya jurewa da rana, amma da an kunna fitilu altaneta takan yi nauyin juyawa, sai ya fara zamewa. Abin da ya same mu ke nan.

Na biyu kawunan batir. A kama kowanne a murɗa da hannu, in ya motsa bai ɗauru ba. Farin gari ko kore da ke taruwa a kansu yana tare wuta. A cire na ƙasa tukuna, watau wanda wayarsa ke ɗaure a jikin mota, sa'an nan ɗayan. Wajen mayarwa kuma na ƙasa ne na ƙarshe. A wanke su da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, domin kanwa tana kashe asid, amma kada ko ɗigo ya shiga cikin batir. A kankare har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure, a shafa man basilin.

Na uku wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira at. Akwai wadda ta tashi daga batir zuwa shasi, akwai kuma wadda ta tashi daga shasi zuwa inji. A tsohuwar mota mai jikin katako, da ta sha fenti da walda da tsatsa, nan ne ciwo ya fi ɓuya. A kwance notin, a kankare wurin, a mayar.

Na huɗu bayan altaneta. A tabbata babbar wayar tana ɗaure, ba ta yi baƙi don zafi ba, siririyar kuma tana zaune a wurinta.

AIKIN MITA

In duk wannan bai warkar ba, sai a ɗauko mita. Yau ƙaramar mita ba ta kai kuɗin buhun albasa ɗaya ba, ya kamata kowace mota ta kwana da ita. A juya ta wajen awon ƙarfin wuta, wanda ake ƙidaya da bolt, a ɗora bakinta ja da baƙi a kawunan batir.

Batir mai bolt 12 da ya huta, in cike yake zai nuna wajen 12.6. In ya nuna 12.2 ya kai rabi, in ya sauko 12.0 saura kaɗan. Sai a ta da inji a ɗan taka totur. In caji yana tafiya daidai, mita za ta hau tsakanin 13.8 da 14.4. A kunna fitilun gaba da duk abin da ke cin wuta, in ta tsaya sama da 13 da rabi, lafiya. In ta zauna inda take kafin a ta da inji, ko tana sauka, babu caji. In ta haura 15, ragileta ta lalace, tana dafa batir. Alamarsa ita ce ruwan batir yana saurin ƙarewa, da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, da ƙwayayen fitilu masu yawan ƙonewa. Manyan motoci irin Benz da MAN da DAF batir biyu gare su a jere, bolt 24, sai a riɓa lissafin: wajen 25.2 a kashe, tsakanin 27.6 da 28.8 in inji na aiki.

Kada a yanke wa altaneta hukunci tukuna. Tana iya yin aikinta wutar ta ɓace a hanya. Da inji na aiki, fitilu a kunne, a ɗora baki ɗaya na mita a babban notin bayan altaneta, ɗayan a kan batir mai alamar tarawa. Abin da ta nuna shi ne abin da wayar ke ci, bai kamata ya wuce rabin bolt ba. A sake aunawa tsakanin jikin altaneta da kan batir mai alamar ɗebewa, wannan kada ya wuce 0.2. In ya wuce, waya za a gyara, ba altaneta ba.

In wayoyi lafiya, fambel lafiya, ƙwan fitila lafiya, caji kuwa babu, to yanzu ne za a sauke ta. Ko a nan ma ba lalle sai sabuwa ba. Burushi, da ragileta, da farantin diyod, da boris, duka ana sake su ɗai-ɗai. Ka ce wa mai wayarin ya nuna maka abin da ya mutu da mita a gabanka. Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

Wanda ba shi da mita, ya fuskanci bango da dare, ya kunna fitilun gaba, ya taka totur. In hasken ya ƙaru, akwai caji ko yaya. In bai motsa ba kuma ga shi dushi-dushi, babu.

ABUBUWAN DA AKA HANA

Akwai wata al'ada da muka gada daga zamanin dainamo, watau a cire kan batir inji na aiki, wai a gani ko motar za ta mutu. Kada a yi wa altaneta haka. Batir shi ne ke shanye tsallen wuta, in babu shi wutar tana iya tashi farat ɗaya ta ƙone diyod da ragileta. Ga shi kuma gwajin banza ne ga tsohon injin gas, wanda ba ya bukatar wuta don ya ci gaba da aiki.

Kada a juya kawunan batir, ko na ƙiftawar ido, domin diyod ba ya yafewa. A lura, motocin Ingila da yawa da aka yi kafin tsakiyar shekarun 1960 kan tarawa ne ke ɗaure a jikin mota, saboda haka mai tsohuwar mota ya san yadda tasa take kafin ya karɓi wutar aro. In za a yi walda ta lantarki a jikin mota, a cire kawunan batir da wayoyin altaneta. Mai mota bolt 24 kada ya ja wayar rediyo ko ta cajin wayar hannu daga batir ɗaya, domin ɗaya zai rama ɗaya ya ƙoshi, duka biyu su mutu da wuri. In ruwan batir ya ragu, tataccen ruwa ake ƙarawa har ya rufe farantan ciki da kamar santimita 1, ban da ruwan rijiya ko na famfo, ban da ƙarin asid. Zafin ƙasarmu yana shanye ruwan nan da sauri, a riƙa dubawa. Kada a matso da taba ko ashana kusa da batir mai caji, iskar da yake fitarwa tana fashewa.

IN TA KAMA A TSAKIYAR HANYA

Ka sami wuri mai kyau ka tsaya, ka duba fambel. In ya tsinke, kada ka ci gaba, domin a yawancin tsofaffin motoci shi ne kuma ke juya fanka da famfon ruwan lagireto, cikin 'yan mintoci inji zai tafasa, asarar batir ta koma asarar inji. In ya saki, ka ɗaure. In fambel lafiya amma fitila ta ƙi mutuwa, ka kashe duk abin da ke cin wuta, ka nufi gari mafi kusa tun da sauran rana, kada ka kashe inji sai a ƙofar mai gyara.

Ka yi lissafi da kanka. Fitilun gaba biyu masu wat 55 kowace suna jan wajen amfiya 9, da ƙananan fitilu a ce 13. Batir mai lamba 100 a jikinsa, ko da sabo ne kuma cike, cikin awa 4 ya kai rabi, tsoho kuwa ba ya kai haka. Daga Tamale zuwa Kumasi da lodi ya fi awa 4 nesa ba kusa ba. Mota mai fetur, da injin gas na zamani mai kwamfuta, su ba sa jiran ka kashe su, da batir ya ƙare za su mutu da kansu, ko a kan gada ne. Babbar mota a tsaye cikin duhu babu fitila ko ɗaya, ba kayan ciki kaɗai take sa wa cikin haɗari ba, har da rayukan masu tahowa a baya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai mota ya ajiye wa direbansa fambel na ko-ta-kwana, da ƙwan jar fitila, da fis, da sufana daidai notin altaneta, da mita. Direba kuma kowace safiya ya murɗa makulli ya ga fitilar ta kama, ya ta da inji ya ga ta mutu. Yaron mota a koya masa danna fambel sa'ad da yake duba mai da ruwa. Mu masu kaya kuwa, in mun ga ja a gaban direba, mu yi magana tun muna cikin gari, kada kunya ta hana. Da na nace a Tamale, inda masu gyara suke ko'ina, da albasarmu ta iso Kumasi lafiya.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.